Naɗin Hannun Sale

A Agadas aka miƙa wa kowannenmu sanda. Ba ta dogarawa ba ce. Guntun itace ne mai kaurin damtse, karen mota ya soke shi tsakanin jarkoki da buhuna a bayan motar, kai kuma ka hau kan kayan ka zauna, sandar na tsakanin cinyoyinka, ƙafafunka na reto a waje, ka rungume ta. Direba ya zagaya yana dubanmu ɗaya bayan ɗaya kamar mai taya awaki, sannan ya ce, "Wannan sandar ita ce uwarku da ubanku har Libiya. Wanda ya sake ta, shi ya so. Ba na tsayawa."

Ƙanena Sale ya yi dariya, ya matse tasa da hannu ɗaya har ta yi ƙara. "Yaya, in na karya musu ita, za su ba ni wata?"

Sunana Haruna. Mu mahauta ne, 'yan Zango ta ƙasar Daura. Da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma tun ranar da na iya haɗa baƙaƙe nake son rubuta wannan tafiya, saboda mutane suna ba da labarinta ba yadda ta faru ba. Sale ɗan dambe ne kamar kakanmu. Tun yana saurayi ni nake naɗa masa hannu: in dunƙule yatsun, in rufe da tsumma, in bi da igiya daga wuyan hannu zuwa kan ƙulli, zagaye bisa zagaye, har hannun ya koma kamar kan taɓarya. Ba ya yarda kowa ya taɓa masa hannun nan sai ni. A shekarun da aka soma Shari'a a jiharmu kiɗa ya ja baya, dandali ya yi sanyi, fawa kuma ba ta riƙe gida biyu. Sai Tanimu, wani ɗan garinmu da ya daɗe a Sabha, ya aiko cewa Larabawa na neman mahauta ido rufe. Inna ba ta hana ba. Abin da ta ce mini kawai shi ne, "Kai ne babba. Kai ka tafi da shi, kai za ka dawo mini da shi."

Ba mu yi nisa cikin sahara ba na gane direban ba wasa yake yi ba. Akwai wani tela mutumin Matamai a gefena, gyangyaɗi ya ɗauke shi da tsakar rana. Mota ta daki tudun yashi, sai muka ga ya wuntsila. Ya miƙe yana gudu yana kaɗa hula. Muka yi ta dukan kan motar muna ihu. Karen mota ya leƙo da tiyo ya shiga zabgar duk wanda ya buɗe baki, har ya fasa wa wani dattijo leɓe. Sale ya yunƙura zai dira, na cafke wandonsa. "Ka dira ka cece shi da me? Ku zama ku biyu?" Muna kallon telan yana ƙanƙancewa har ya zama ɗigo. Takalminsa ɗaya ya maƙale a igiyar kaya, haka ya bi mu har Dirku, an rasa mai ƙarfin halin cire shi.

Gaba da Dirku wasu masu bindiga suka sauke mu, suka kwantar da mu rub da ciki a kan yashi mai zafi, suna dukan tafin ƙafafunmu da wayar wuta don mu fito da abin da muka ɓoye. Ɗayansu ya taka wa Sale kai da takalmi. Na ga jijiyar wuyansa ta miƙe, na ga hannun dama ya dunƙule. Na matso da bakina kusa da kunnensa ina ta cewa, "Inna, Sale. Tuna Inna." Da ƙyar ya saki hannun. A zangon gaba wata mata mai shayi ta ga yadda muke taka ƙasa, ta miƙo mana roba da ruwan gishiri mai ɗumi mu tsoma ƙafa. Ba mu jin yarenta, ba ta jin namu. Har yau ina sa ta a addu'a.

A Sabha babu fawa. Tanimu ya tare mu da runguma, ya karɓi takardunmu wai zai adana, ya kai mu wani fili inda ake buga bulo. Nan muke aiki, nan muke kwana, siminti ya cinye mana tafin hannu. Abinci kullum taliya da burodi. Ni da na tashi cikin nama, sai na yi ta jin ƙamshin tsiren kasuwar Mai'adua a hancina ina cikin kwaɓa yashi. Abin da ke rage mana zafi shi ne ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Hausawan wurin su taru a bayan filin, wani ya kifa jarka yana kwaikwayon kalangu, a share ƙasa a yi dambe. In ka rufe ido sai ka rantse a gida kake. Sale ya bi samarin wurin ya kashe su ɗaya bayan ɗaya, har 'yan gari suka fara zuwa da motoci suna kallo ta taga. Tanimu ya ga haka, sai ya shiga ya fita, ya zo mana da labarin cewa akwai wani ƙato, tsohon soja da aka kora, yana son ya gwada Sale.

Na ce masa, "Mutumin nan ya san dambenmu?"

"Yaya Haruna, duka ai duka ne. Na yi masa bayanin komai."

Bai yi masa bayanin komai ba.

Ga wanda bai sani ba: a dambenmu, da zarar gwiwa ko hannun mutum ya taɓa ƙasa, an yi kisa, wasa ya ƙare. Wanda ya yi kisa ba ya ƙara duka. Juyawa yake yi ya nufi makaɗa da hannu a sama, wanda aka kashe kuma ya tashi ya kaɗe jikinsa, su rungumi juna. Da wannan muka tashi, ba mu taɓa tunanin akwai inda ba haka ake yi ba.

Na naɗa masa hannu ranar kamar kullum. Ƙaton ya shigo ba naɗi, ba riga, ya fi Sale tsawo da kai guda. Ya kawo wawura, Sale ya goce. Ya sake kawowa, Sale ya tare da hagu, ya saukar masa da dama a ƙasan kunne. Ƙaton ya durƙushe, jini na fita ta hancinsa. Fili ya ɗauki sowa. Sale ya juya masa baya, ya ɗaga hannu ya nufi mai kiɗan jarka yana murmushi.

Na ga mutumin ya miƙe. Na buɗe baki, amma ya riga ni. Ya rungumo Sale ta baya, ya ɗaga shi sama cak, ya juya shi, ya soka kansa a ƙasa, daidai inda guntayen bulo suke. Na sha jin ƙarar ƙashi a mahauta. Ban taɓa jin irin wannan ba.

Fili ya hargitse. Mutanenmu suka yi kan ƙaton da bulo da shebur, abokansa suka fito da sanduna da ƙarafa daga motoci. Ni dai na faɗa kan Sale na rufe shi da jikina. An tattaka ni, an sauke mini ƙarfe a baya, wani takalmi ya zubar mini da haƙora biyu na gaba. Ban motsa ba. A ƙarƙashina Sale yana cewa, "Yaya, ina ƙafafuna? Yaya, wa ya ɗauke mini jiki?" Da ƙura ta lafa wasu suka zo za su ja masa kai wai wuyan ya koma wurinsa, kamar yadda maɗora ke yi. Wani dattijo direban tifa ya daka musu tsawa, ya sa aka zura katakon shanya bulo a ƙarƙashinsa, ni na riƙe kan da hannu biyu har asibiti.

An yi masa aiki, an sa ƙarfe a wuyan. Likita ya yi mini bayani ta bakin tafinta: lakar da ke cikin ƙashin wuya ta taɓu, amma ba ta tsinke duka ba. Ƙafafu sai wani ikon Allah. Yatsu ma haka. Kafaɗu da damatsa suna da sauran rai. Wata ma'aikaciyar jinya ta koya mini yadda zan riƙa juya shi don kada kwanciya ta ci masa fata, da yadda ake sauya robar fitsari. Da wuyan ya kama aka ce mu kawo takardu ko mu ba da gado. Na nemi Tanimu ƙasa da sama. Ya bar gari da takardunmu.

Marar takarda ba shi da jirgi. Hanyar gida ɗaya ce, wadda muka zo ta ita. Na je tashar da motocin kudu ke lodi, na sami wani direba mutumin Agadas mai suna Alhasan, na faɗa masa halin da muke ciki. Ya saurara har na gama.

"Gaba wurin mata ne da masu kaya," in ji shi. "A baya kuma ka san doka."

"Sai in ɗaure shi a kan kaya."

"In ɗauki mutum a ɗaure kamar buhu, ya mutu a sama ban sani ba? A'a. Ya zauna da kansa, ya rungumi sanda da kansa, daga hantsi har azahar ina kallo. Ranar da ya iya, ka kawo shi. Ni dai kullum ina kan hanyar nan."

Sale kuwa ko ƙuda ba ya iya korewa daga fuskarsa. Na koma inda na kwantar da shi a rumfar wani masallaci, ban faɗa masa ba, amma ya karanta a fuskata. Na kai masa burodi jiƙe da shayi, ya furzo mini shi a ƙirji.

"Yaya, kai mahauci ne," in ji shi. "Ka san inda ake sa wuƙa. Ka yi bisimilla ka huta, ka koma wa Inna."

Na goge masa baki, na goge rigata, na sake ɗebo wani. 

A masallacin nan Baba Usman ya same mu. Tsoho ne a keken guragu, matarsa ke turo shi salla. Ya ji muna Hausa, sai ya yi mana sallama da wata irin Hausa mai nauyi, irin ta kakanni. Ashe kakanninsa daga ƙasar Katsina suka tashi da ƙafa za su Makka, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Shi ma neman aiki ya kawo shi Sabha, ya faɗo daga saman bene yana gini, wuyansa ya karye tun Sale bai fara tafiya ba. Yatsunsa a lanƙwashe suke kamar na Sale. Ya sa aka matso da kekensa dab da tabarmar, ya daɗe yana kallon ƙanena.

"Wai wannan ne ɗan damben da ake faɗa? Ai na ga kazar da ta fi shi kuzari, bayan an yanka ta ma."

Sale ya kau da ido. Tsohon ya karkata, ya wurgo hannunsa daga kafaɗa, bayan hannun ya sauka a kuncin Sale, tas! Na zabura. Ya ce, "Zauna, ɗan mahauci." Ya sake kwaɗa masa. "Rama mana. Ko a Daura haka ake marin maza su yi shiru?"

Idon Sale ya kaɗa ya yi ja. A mari na uku sai na ga hannunsa na dama ya tashi daga tabarma, ya lanƙwaso daga gwiwa, ya zo ya faɗi a kan ƙirjinsa. Bai kai ko kusa da tsohon ba. Baba Usman ya fashe da dariya har da tari.

"Ka gani? Akwai mutum a ciki. Ɗauko shi, muna da ɗakin gawayi."

A ɗakin gawayin nan muka zauna, sanyi ya wuce, zafi ya zo ya wuce. Da safe in yi dako a kasuwa, da rana in dawo mu shiga aiki, Baba Usman na bakin ƙofa yana ba da umarni kamar sarkin fawa. Da numfashi aka fara. Ya sa na zura siririyar roba a kwalbar ruwa, Sale ya yi ta hurawa har ruwan ya yi kumfa, don ƙirjinsa ba ya iya ko tari sai na danna masa ciki. Sannan zama. Ranar farko da na jingina shi da bango, idonsa ya juye ya suma. Na rikice, tsohon ya ce, "Kwantar da shi, ɗaga ƙafafun sama. Jini ne ya gudu ƙasa. Gobe a sake, amma kaɗan-kaɗan." Ya sa na naɗe masa ciki da rawani, na ɗaure ƙafafun da tsumma, suman ya ragu. Kullum in lanƙwasa masa kowace gaɓa in miƙar, daga kafaɗa har yatsun ƙafa, don kada su sandare. Wata rana ina ƙoƙarin miƙar da yatsun hannunsa, sai na ji mari a ƙeyata.

"Wa ya aike ka? Bar su a lanƙwashe! Kalli nan." Baba Usman ya ɗaga wuyan hannunsa sama, sai yatsun suka rufe da kansu a kan kofin shayi. "Lanƙwasar nan ita ce riƙonsa. In ka miƙar da su, ka raba shi da cokali har abada."

Daga nan aka shiga neman ƙarfi. Safa cike da yashi a ɗaure a wuyan hannu, Sale ya ɗaga ya sauke. Robar cikin tayar keke a ɗaure a taga, ya saƙala hannu ya ja. Ya koyi jefa hannu ta bayan kujera ya maƙale da gwiwar hannu, ya karkata gefe don mazauninsa ya huta. Duk lokacin da ya ce ya gaji, tsohon ya ce, "To, kwanta. Ni ma ina son maƙwabci. Ka zauna nan ka tsufa kamar ni, uwarka ta mutu ba ta gan ka ba." Sale ya zage shi, shi ma ya rama, matar Baba Usman na daga ciki tana cewa su ji tsoron Allah. Sai a ci gaba.

Inda muka tsaya cik shi ne wurin jarka. Baba Usman yana da ƙafar keke da aka cire wa taya, a rataye a katakon rufi, igiya ta bi ta kwarminta, jarkar ruwa a ɗaya bakin. Wannan ce ke gina damtse da baya, kuma su ne za su riƙe sanda. Amma riƙon Sale na kofi ne, ba na igiya ba. Da ya ja sai ta zame. Tsohon yana da wani abin fata da yake ɗaurawa a hannu, ya yi wa Sale kaɗan, ya yanke masa fata har jini, shi kuwa bai ji ba. Muka yi kwanaki a haka. Rannan yana zaune yana kallon igiyar, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Yaya, naɗe ni."

Tun ranar filin bulo igiyar naɗin tana cikin aljihuna, da jinin a jikinta. Ban iya jefar da ita ba, ban kuma iya kallonta ba. Na ce, "Sale, abin nan shi ya kawo mu nan."

"Ba shi ba ne. Juya baya ne. Naɗe ni."

Na lanƙwasa guntun rodi na yi ƙugiya irin ta rataye nama, na kwantar da gindinta a tafin hannunsa bisa tsumma mai kauri, na rufe yatsun yadda suke, na bi da igiya. Hannuna bai manta ba. Na sassauta fiye da na dambe, ina zura yatsa ina dubawa, tunda ba zai ji in ya matse ba. Na saƙala ƙugiyar a igiyar jarka. Ya cije leɓe ya ja. Jarkar ta yi motsi, ta bar ƙasa kamar faɗin yatsa, ta koma. Baba Usman bai yi tsokana ba ranar. Cewa ya yi, "A ƙara ruwa kofi ɗaya gobe."

Haka ruwa ya yi ta hawa a jarkar nan, dama da hagu. Na samo tsohuwar fedar keke na kafa a kan benci, in naɗe hannayensa biyu a kanta ya yi ta juyawa har numfashinsa ya yi sama. Ba ya gumi daga ƙirji zuwa ƙasa, sai in riƙa yayyafa masa ruwa kamar shuka. Kafaɗun da suka zube suka fara dawowa. Na kafa sanda a tsakar gida tsakanin buhunan gawayi, in zaunar da shi, in riƙa girgiza buhunan da ƙafa kamar mota. Ya faɗi ya fasa goshi, ya faɗi ya fasa haɓa. Gwajin farko a gaban Alhasan bai kai ko rabin hantsi ba ya kife. Direban ya juya ya tafi abinsa. Muka koma, muka cika jarka har wuya.

Zuwan da Alhasan ya sake yi, Sale ya zauna, hannun dama a naɗe, ƙugiya a saƙale da sanda, hagu ya zagaye ta. Direban ya nuna naɗin da baki.

"Wannan ai ɗauri ne."

"Yatsuna ne," in ji Sale. "Kai da naka aka haife ka, ni yayana ke yi mini nawa kullum da safe."

Alhasan ya yi dariya, ya sa karen motarsa ya riƙa jijjiga motar. Aka kira azahar Sale na zaune. Da muka je sallama, Baba Usman ya ƙi fitowa. Daga ɗaki ya ɗaga murya: "Ku tafi, kun cinye mini gawayi da wari. In kun je, ku gai da ƙasar Katsina, ku ce jikan mutanenta yana nan." Matarsa ta ba mu guntun katifa da dabino.

Komawa ta fi zuwa wuya. Ina gefensa na hagu da tawa sandar, ina jiƙa masa rawani, ina tuna masa ya karkata, duk tsayawa in sauke shi in duba bayansa. Mun wuce Dirku, rana ta take, sai ga motoci biyu sun ɓullo daga bayan wani tudu. Alhasan bai jira ya ga ko su wane ne ba, ya taka mota. Sai harbi. Jarkar da ke kusa da ni ta fashe, ruwa ya watsu. Wani mutum a bayanmu ya yi salati sau ɗaya ya kife kan kaya, jininsa na bin buhu yana sauka. Mata na kururuwa a gaba. Mota ta yi sama ta dawo, ta sake yin sama. Na ji kamar an soka mini rodi mai zafi a cinya, kuma a daidai lokacin sandata ta tuge daga cikin kayan, don jarkar da ta tokare ta ta riga ta fashe. Na tafi da baya-baya, sandar a hannuna, ba ta riƙe da komai.

Ban kai ƙasa ba. Wani abu ya shaƙe ni ta hammata da wuya, ya tsayar da ni. Hannun hagun Sale ne. Ya jefo shi kamar yadda yake jefawa a bayan kujera, ya maƙale ni a lanƙwasar gwiwar hannunsa, ya ja. Ƙafafuna na jan yashi, takalmana suka tafi, fata ta bi su. Duk nauyina da nasa yana kan hannun dama, kan ƙugiya da igiyar da na naɗa da safe. Ina jin kafaɗarsa na ƙara a kunnena.

"Sake ni!" na ce. "Sake ni, za mu tafi tare!"

Fuskarsa ta yi baƙi, jijiyoyin wuyansa duk sun fito, haƙoransa a cije. Ta tsakaninsu ya ce, "Yi shiru, Yaya. Jarka ba ta magana."

Ban san tsawon gudun nan ba. Na san dai harbin ya yi nisa, sannan ya ɗauke, kuma Alhasan bai tsaya ba sai da ya hango rijiya da mutane. Da mota ta tsaya, sai da maza biyu suka taru kafin su buɗe hannun Sale daga wuyana. Igiyar naɗin ta nutse cikin tsumma, tsumman ya jiƙe da jini, kafaɗar dama ta goce daga gurbinta. Alhasan ya zagayo, ya dubi wanda ya rasu, ya dube ni, ya dubi sandata a ƙasa. Ya ɗauko ruwan shansa ya juye wa Sale a ka, ya ce da karen mota, "A gyara gaba. Nan zai zauna." Muka yi wa mamacin sutura a gefen rijiyar. Harsashin ya ratsa naman cinyata ya fita, aka ɗaure da rawani. Wani makiyayi ya mayar wa Sale kafaɗa, ni kuma ina riƙe da kansa ina gargaɗin kada a taɓa wuyan.

A Damagaram aka ɗinke ni. Daga nan motar kasuwa ta kawo mu iyaka, wata ta kawo mu Zango ana gab da la'asar, gero ya yi kai a gonaki. Har yanzu Sale bai taka ƙasa ba, yatsun ma ba su dawo ba. Amma yana cin tuwo da hannunsa, yana tura kekensa har bakin kasuwa, kuma ƙafar keke tana rataye a darbejiyar gidanmu. Waɗanda babur ya karya wa wuya ana kawo su daga Dutsi da Mai'adua su ga yadda ake yi, shi ke zaginsu, ni ke naɗi.

Ranar da muka iso dai, samarin unguwa ne suka shigo da shi a kan katifar nan, ni ina biye ina ɗingishi da sanda, ba haƙoran gaba. Inna na tsakar gida tana tankaɗe. Ta miƙe, rariya a hannunta. Ta dubi ƙafafunsa da suka rame, ta dubi yatsun. Sannan ta juyo gare ni.

"Haruna, haka ka dawo mini da shi?"

Na sunkuyar da kai. Tun daga Sabha nake shirya amsar tambayar nan, ban samu ba.

Sale ya jefa hannu ya saƙalo wuyanta, ya jawo ta har goshinta ya taɓa nasa. Rariyar ta faɗi.

"Inna," in ji shi, "ba shi ya dawo da ni ba. Ni na dawo miki da shi."